Inda Jan Layi Ya Lanƙwashe

Shekaru da yawa, duk farkon damina idan tafki ya ja baya, kan wata busasshiyar bishiya yakan leƙo daga cikin ruwa, tafiyar kamar sa'a guda a jirgi daga bakin Wara. Kaiwa ce, wadda mutanen gabas ke kira kanya. Reshe uku ne suka rage mata, baƙaƙe, tsuntsayen ruwa sun ɓata su da kashi. Masunta suna zagin ta don tana yaga musu taru. Ni kuwa idan na zo wucewa nakan sassauta tuƙi in yi sallama a zuciyata, domin a gindinta aka raɗa mini suna. Damina uku ke nan ba ta fito ba. Bana ruwa ya ja baya sosai, na je na yi ta kewaya wurin har kafaɗata ta gaji, ban ga komai ba sai ruwa. Ta ruɓe ta kwanta. Yanzu ba abin da ya rage na garinmu a bayan ƙasa sai wata tsohuwar takarda, kuma saboda takardar nan ne na zauna a kan benci da furfura a gemuna ina koyon abacada.

Sunan garin Tungan Kaiwa. Cewa gari ma girmamawa ce, gida biyar ne kawai a gaɓar Kwara ta gabas. Huɗu suna kewaye da kaiwar. Na biyar, gidan Kawu Nomau masunci, yana can kudu shi kaɗai, sai ka ƙetare wata ƙorama mai duhun itatuwa kafin ka gan shi. Ba jini ya haɗa shi da Baba ba, zama ne ya sa muke ce masa Kawu. Ɗansa Garba sa'ana ne, tare muka koyi iyo, tare aka yi mana kaciya.

Abin da na fi tunawa da garin shi ne ƙararsa. Kafin rana ta fito za ka ji taɓaryar Inna, sannan ta maƙwabta ta amsa. Can ƙasa za ka ji ƙwarya tana shiga ruwa tana fita, masu albasa suna ba wa fadamarsu ruwa da hannu, bugu ɗaya bayan ɗaya kamar numfashi. Gungawan da ke tsibirin tsakiya sukan ƙwala wa juna kira da harshensu, muryar ta biyo bisa ruwa ta iso mana sarai. Wani lokaci dorina ta yi gurnani a cikin ciyawa, mata su bar wanki su hau tudu suna dariya. Ƙarƙashin duk wannan kuwa akwai ƙarar kogin kansa, wadda ba ka sanin kana jin ta sai ranar da ta ɗauke. Yaran yanzu sun tashi da ƙarar injin jirgi da iskar da ke tayar da igiyar ruwa kamar bango. Idan na ce musu da can ruwan nan tafiya yake yi, yana da inda ya fito da inda za shi, sai su dube ni kamar ina ba su tatsuniya.

Kwara takan cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa na ƙarshen damina, mai kauri kamar kunu, akwai baƙin ruwa na lokacin sanyi, tatacce, wanda ake cewa daga ƙasashe masu nisa yake tasowa. Kowanne da iyakarsa, kuma tsofaffi sun san ta kamar yadda suka san bakin ƙofarsu. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da mata ke wanki a kai. Cikar kowace shekara a nan take tsayawa. Sau ɗaya tak, a zamanin da ba a haife ni ba, aka ce ruwa ya wuce dutsen ya taɓa saiwar kaiwa, ya kwana biyu ya koma. Baba yakan ce mini, "Kogin nan bai taɓa yi mana ƙarya ba. Mutane ne ke yi."

Yana da dalilin faɗin haka. Ba a bakin ruwa aka haife shi ba, a cikin duwatsun da ke wajen Birnin Yauri aka haife shi. Yana saurayi wasu Turawa suka zo da sarƙar awo da ma'aikata, suka kewaye gonar kakana da gajerun itatuwa masu jan kai. Aka tambaye su, tafinta ya ce ba komai, ƙasa kawai ake aunawa. Kafin damina ta zagayo duk abin da ke cikin itatuwan nan ya zama ramukan haƙar zinariya. Abin da ke wajensu kuwa ba a taɓa ba, har wata gonar da taku goma ne ya raba ta da tamu. Ƙanen Baba ya shiga ɗaya daga ramukan yana aiki, ƙasa ta rufta, ba a fito da shi ba. Daga nan Baba ya kwashi iyayensa ya gangaro bakin kogi, ya ce zai zauna inda ba dutsen da zai sa wani ya yi kwaɗayi. Ma'aikata suna kiran itatuwan nan fegi. Baba bai taɓa yarda da wannan suna ba. Turke yake cewa, irin wanda ake ɗaure akuya, domin a ganinsa duk wanda aka kafa wa shi an ɗaure shi ke nan.

Na zama saurayi mai gemu ɗan kaɗan a shekarun da aka ce Turawa sun miƙa mulki. Mun ji labari a kasuwa, mun ga yara 'yan makaranta da ƙananan tutoci, muka dawo gida muka ci gaba da nomanmu. Kusan lokacin ne wani ƙaramin jirgin sama ya riƙa bin kogi, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo kamar mai huɗa. Ba wanda ya gaya mana abin da yake nema. Bayan wasu shekaru, wata safiya da kaka, sai muka ji ana buga itace a bayan gonarmu, can bisa tudu.

Mutum biyar ne. Ɗaya yana leƙa wata na'ura mai ƙafa uku, ɗaya yana riƙe da doguwar sanda mai zane, sauran suna kafa itatuwa masu jan kai. Na ga fuskar Baba ta canza tun daga nesa. Wanda ya yi mana magana wani matashi ne mai gajeren wando da agogo, Hausarsa ta gabas.

"Sannunku da aiki," in ji Baba. "Mi ya kawo ku bayan gonata?"

"Awo muke yi, Baba. Za a datse kogi a can Kainji. Ruwa zai taru ya hau har inda muke kafa fegin nan."

Baba ya juya ya dubi kogi. Daga inda muke tsaye, ko ka ƙwala kira mai wanki ba za ta ji ka ba.

"Har nan?"

"Har nan."

"Yaro, ka taɓa ganin Kwara ta cika?"

"Gaskiya bana na fara ganin ta."

"Na ga alama. To gaya mini tsakani da Allah, mi kuka gani cikin ƙasar?"

Matashin ya yi dariya. "Ba komai, Baba. Ƙasa kawai muke aunawa."

Da ya san abin da ya faɗa, da bai faɗa ba. Kalma ɗaya bai sauya ba daga abin da tafinta ya gaya wa kakana. Ya tambayi sunan garin, Baba ya faɗa, ya rubuta a littafi, ya dubi agogonsa, suka wuce gaba. Inna ta aiko musu da fura, ba su tsaya sun sha ba. Na daɗe ina tunanin yaron nan. Bai yi mana ƙarya ba ko kaɗan. Amma a tsaye ya faɗi maganar da za ta cinye gari, bai ko sauke jakarsa ba. Da ya zauna a gindin kaiwa ya sha furar nan, ya ɗauko ƙwarya ya nuna wa tsoho yadda ruwa ke hawa idan an toshe masa hanya, wataƙila da yau ba ni da abin rubutawa.

Inna ce kaɗai zuciyarta ba ta kwanta ba. Da yamma tana tankaɗe ta ce, "Malam, in fa yaron nan gaskiya ya faɗi?"

"Ke kin taɓa ganin ruwa ya hau tudu da ƙafarsa?"

"Ban taɓa ganin ƙarfe ya tashi sama ba ma, sai ga shi ya zo yana hana kajina ƙwai."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ga wanga aiki da idona. Abin da ke cikin turke nasu ne, abin da ke waje namu ne. Gidajenmu da gonarmu da maƙabartarmu duk suna ciki."

Ranar Juma'a masu awo suka tafi Yelwa, mazan garin kuma suka shiga jirgi zuwa masallaci a babban ƙauye. Baba ya ce ƙafarsa na ciwo, ya ce in tsaya in taimake shi. Da jirgi ya ɓace ya miƙe garau ya ɗauko dagi. Turaku bakwai ne suka bi ta bayan gidaje huɗun nan da gonarmu da maƙabarta. Kowanne da lamba a jikinsa, wadda ni da shi ba mai iya karantawa, don haka ya ce in jera su yadda muka tumɓuke su, kada na farko ya koma na uku. Na ɗora su a kafaɗa, ba su kai nauyin itacen girkin yini ɗaya ba. Muka gangara muka kafa su a bakin gaɓa, ƙasa da dutsen wanki, cikin ciyawa, da tazara irin wadda muka tarar. Muka koma muka cike ramukan, muka share da ganye, Baba har ya koro awaki suka tattake wurin. Na tambaye shi na bayan gidan Kawu Nomau fa. Ya ce kada in ƙetare ƙorama, magana idan ta shiga kunne uku ta fita hannunmu. Ba zan ɓoye ba, ranar nan ina jin kaina namiji. Waƙa nake yi ina buga turke. Na tsallake sallar Juma'a don in ceci garinmu.

Bayan an kai amfanin gona gida wasu ma'aikatan suka zo, ba na farko ba. Su aikinsu su bi turaku su shafa lamba a ƙofar duk gidan da ke ciki, don a gina wa mai shi wani a sabon gari. Baba da kansa ya yi musu jagora zuwa bakin gaɓa. Babbansu ya dubi turakun, ya ɗaga kai ya dubi gidajenmu, ya shimfiɗa wata babbar takarda a gwiwarsa ya ja layi da jan fensir. Sannan ya ce, "Ku kuna tudu. Ba ruwanku."

Baba ya riƙe kalmar nan kamar kyauta. Shekaru yana maimaita ta. Muka ga ana kwashe ƙauyuka a manyan motoci zuwa gidajen siminti masu rufi kamar bayan kunkuru, mutane suna kukan zafi da ƙuncin ɗakuna, ana cewa ko wurin ɗaure jaki babu. Duk wanda ya kawo labari Baba sai ya gyara zama ya ce, "Allah sarki. Mu dai an ce ba ruwanmu." Idan mu biyu ne kawai yakan ƙyafta mini ido.

Ruwan ya zo a lokacin farin ruwa, don haka da farko ba wanda ya damu. Ya hau dutsen wanki, muka ce cikar bana babba ce. Turakun nan bakwai kuwa tuni ya shanye su. Ya taɓa saiwar kaiwa, tsofaffi suka ce an taɓa yi. Baba ya riƙa soka kara a bakin ruwa kowace yamma, da safe ya tarar da karan tsaye a cikin ruwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun. Kogi ya daina tafiya. Ka jefa ganye ya tsaya inda ka jefa shi. Ba ambaliya ba ce mai ruri da za ka gudu, ruwa ne mai haƙuri, kullum taku biyu, taku uku. Ɓeraye da macizai da kunamu suka riga shi shigowa gidaje. Gindin rumbu ya jiƙe, dawa ta fara tsiro a ciki. Ranar da ya shiga maƙabarta Baba ya tsaya yana kallon tudun kabarin iyayensa suna narkewa ɗaya bayan ɗaya. Washegari da hantsi bangon ɗakin Inna ya zauna a hankali kamar tsohuwa ta gaji. A jiragen Kawu Nomau muka fita, da tukwane da awaki da abin da ya rage na hatsi. Inna ta riƙe turminta a cinya har muka sauka.

A sabon gari, nan Wara, kowane gida da lambarsa da mai shi. Mu ba mu da lamba. Mazan gida biyar suka je wurin ma'aikaci, ya buɗe littafi ya bi da yatsa, ya rufe. Ya ce takarda ta nuna muna tudu. Baba yana tsaye gabansa da wando jiƙe har cinya. Aka ce za a duba. Mun yi ta komawa har muka gane ma'anar za a duba. Wani ɗan'uwan Inna ya ba mu zaurensa muka raba da zana. Sauran gidajen suka watse, wasu Shanga, wasu Yelwa, wasu suka ƙetare ruwa ban sake jin ɗuriyarsu ba. Wata rana bayan azahar Baba ya ja ni bayan masallaci ya kama hannuna, ya ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba muddin yana da rai. Na rantse. Bai ƙara damina biyu a duniya ba. Mutumin da ke iya yini yana huɗa ya koma zama a ƙofar gidan wani yana kallon ƙasa, idan aka ce masa sannu sai ya firgita.

Inna ta daɗe bayansa, kuma duk a ɗakin aro. Matar da take da fadamar albasa ta kanta sai ta nemi izini kafin ta shuka barkono a bayan ɗaki. Ba ta taɓa tambayata ba. Sau ɗaya kawai, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ranar Juma'ar nan ƙafar ubanka ba ta yi ciwo ba." Ta ci gaba da tsintar ta.

Kawu Nomau shi bai yi shiru ba. Ya kafa bukka a bakin ruwa a nan Wara, kuma har ya mutu ba ranar da bai zagi masu takarda ba. Yana ɗinkin taru yana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Sun yi karatu har ƙasar Turawa, ba su san tudu ba, ba su san kwari ba! Gida biyar, da mutane a ciki, suka ce ba su gani ba!" Idan ya gan ni sai ya ce, "Ko ba haka ba, ɗana?" In ce, "Haka ne, Kawu." Ni da Garba muka haɗa jirgi ɗaya muna fito da mutane ranar kasuwa. Kwano ɗaya muke ci. Shi ya yi mini abokin ango, ni na yi masa. Duk loma da na kai baki a gidansu sai na tuna gidansu na bakin ƙorama, wanda ban taɓa turkensa ba amma aka haɗa shi da namu aka bari.

Rantsuwata ta ƙare da mutuwar Baba, amma bakina bai buɗe ba. Abin da ya riƙe ni tambaya ce ɗaya. Wani lokaci nakan ce wa kaina mutanen da suka iya datse Kwara ba za su dogara da itace bakwai ba. Suna da hoton da jirgin sama ya ɗauka, suna da na'ura. Wataƙila dama sun manta da mu, ko mun taɓa turke ko ba mu taɓa ba. Sai in yi shekara da wannan tunani ina cin abinci da daɗi. Wata shekarar kuma in tuna jan fensirin nan a gwiwar mutumin. Na yi kusan shekara talatin tsakanin waɗannan biyun, kuma ba wanda zan tambaya ba tare da na tona kaina ba.

Ranar da na kai autata makaranta aka shigar da ni ofishin hedimasta. A bango, an buga ta da ƙusa don ta rufe wata tsaga, akwai wata babbar takarda da ta yi launin ƙasa. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma na gane ta kamar yadda kake gane fuskar mamaci a hoto. Kwara ce ta da, siririya, da gwiwarta da tsibiranta. Aka ce taswira ce ta masu awo, sun bar ta a tsohuwar makaranta, aka kwaso ta tare da bencuna lokacin tashi. Na ga jan layi yana bin gefenta. Na so in ce a karanta mini, sai na ji tsoron abin da fuskata za ta nuna. Na fita ina gumi. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a makarantar, ni na fara ba da suna.

Garba ya biyo ni. Ya ce, "In ka fara karanta wasiƙa ka bar ni, wa zan riƙa kira jahili?" Malaminmu Isa bai kai ɗana na fari ba, Baba yake ce mana duka. Bayan la'asar muke zama. Hannun da ya saba da gorar tuƙi da igiya bai san fensir ba, na karya uku a makon farko. Malam ya ba mu kilina ɗaya mu biyu, ya ce kada mu ji kunyar kuskure, duk abin da ya karkace a goge a sake. Garba yakan leƙa littafina ya ce, "Wannan ba ce ko ƙugiya?" Shekara biyu na yi ban nemi ganin takardar ba. Na jira talatin, ban ga dalilin shiga gabanta da rabin ido ba.

Ranar da na roƙa, Malam ya karɓo mabuɗi bayan an tashi. Garba ya ce shi ma zai gani. Ban sami hanyar hana shi ba.

Malam ya fara nuna mana siraran layuka masu launin ƙasa da suka cika takardar. Ya ce kowane layi yana bin tsayi ɗaya ne, kamar alamar da ruwa ke bari a cikin ƙwarya. Inda suka matsu da juna, gangara ce mai tsayi. Inda suka ware, fili ne. Ya kai yatsa can gabas inda suka cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, ya ce duwatsun Birnin Yauri ke nan, ƙananan alamun nan masu kama da diga biyu a gicciye kuma tsofaffin ramukan zinariya ne. Na ƙirga su da ido. Ramin da ya ci ƙanen Baba yana da alamarsa. Na nemi alamar maƙabartarmu, babu.

"Jan layin fa?" in ji Garba.

"Wannan da hannu aka ja shi, Baba. Iyakar ruwa ke nan. Ku duba, ko'ina yana bin layi ɗaya mai launin ƙasa, bai sake shi ba."

Aka kira Malam daga waje, ya ce mu nemi garinmu da kanmu, yana zuwa.

Na ɗora yatsa a gaɓar gabas na bi ta a hankali. Sunaye ƙanana ne, wasu sun goge. Na wuce biyu, na wuce uku. Sai na ga ɗigo biyar baƙaƙe, huɗu a tare, ɗaya a ware. Na haɗa haruffan da baki. Tu. Tungan. Kai. Wa. Yaron nan mai agogo ya rubuta shi daidai. Karo na farko a rayuwata na karanta abin da ba Malam ya rubuta a allo ba.

Sannan na dubi jan layin. Daga arewa ya taho yana manne da layinsa. Da ya iso bayan ɗigo huɗun sai ya sake shi, ya karyo ƙasa, ya ƙetare layuka uku masu launin ƙasa, ya bi bakin kogi. Ko yaro zai ga ruwa ba ya tafiya haka. Duk wanda ya zauna da takardar nan a ofis, da ya dube ta minti ɗaya da ya gani. Ba wanda ya duba. Na san lanƙwasar nan, kafaɗata ta san ta. Tambayar shekara talatin ta ƙare a nan.

Na ce, ban juya ba, "Garba, ba masu takarda ba ne. Ni da Baba ne. Turaku bakwai muka mayar bakin gaɓa."

Ya sa yatsansa kusa da nawa, ya tura shi gaba. Sai a lokacin na lura lanƙwasar ba ta koma tudu a inda hannuna ya tsaya ba. Ta ƙetare ƙorama, ta bi ta ƙasan ɗigo na biyar, sannan ta hau.

"Turaku huɗu," in ji Garba. "Ni da ubana, ran Asabar."

Na dube shi.

"Ba mu tahi masallaci ba mu ma. Muna cikin ciyawa muna duba gura, tarkon kifinmu, muka gan ku. Kana waƙa. Baba ya ce ubanka ya san turke, ya taɓa gani a dutse, in ya cire nasa to akwai dalili."

"Kawu ya sani? Duk zagin nan da yake yi?"

"To wa kake so ya zaga?"

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Shekara talatin kana ci da ni."

"Kai ma kana ci da ni."

Ba mu rungumi juna ba, ba mu yi kuka ba, ba wanda ya ce ya yafe. Ban ji nauyin ya ragu ba. Da ina ɗauke da turaku bakwai, yanzu na san waɗancan huɗun ma waƙata ce ta tumɓuke su. Na tuna Baba a ƙofar gidan mutane da Kawu a bukkarsa, tafiyar minti biyar tsakaninsu, kowanne ya shiga kabari yana ɓoye wa ɗaya abin da da sun faɗa tun ruwa bai zo ba, da an je an gyara.

Malam ya dawo yana kaɗa mabuɗi. "Kun samu, Baba?"

"Mun samu."

Ya leƙa, ya ga lanƙwasar, ya yi tsaki. "Kai, mai zanen nan hannunsa ya goce a nan. To ku rubuta sunan a littafinku, gobe in gani."

Muka rubuta. Washegari ya duba nawa ya ce harafina ya fara miƙewa, wannan ne rubutu na farko da na yi ba tare da gogewa ba. Na yi masa godiya. Ban gaya masa rubutuna na farko yana jikin bangon ofis ba, na yi shi da dagi tun ba a haife shi ba.

Ni da Garba ba mu sake tayar da maganar ba. Ranar kasuwa idan jirginmu ya zo daidai wurin, shi ma yanzu yakan rage wutar inji, fasinjoji su yi ta tambaya ko mai ne ya ƙare. Da la'asar kuma mu koma benci ɗaya, kilina ɗaya a tsakaninmu, in ya gama ya turo mini.